Jinyar yaro bayan aikin ƙwaƙwalwa: abin da na koya a bakin gadon ɗiyata

Ɗiyata tana da shekara 7 aka gano ƙari a ƙwaƙwalwarta, can wajen ƙeya, bayan ta yi wata biyu tana tashi da ciwon kai da amai kusan kullum da asuba. Duk fargabata a kan ranar tiyata na tara ta. Ashe ranar zaman jira kawai ake yi. Aikin uwa sai an fito da yaro yake farawa.

Ki tanadi littafi da biro tun da wuri. Likita zai yi ta bayani kina "to, to", yana fita ki nemi kalma ɗaya ki rasa. Da dare nake rubuta tambayoyina: zai ciru duka? Za a sa bututun janye ruwa? Kwana nawa za ta yi a sashen kulawa ta musamman? Ki rubuta lokacin hana abinci ma. Yawanci awa 6 ne kafin allurar barci, ruwa zalla kuma awa 2, amma abin da suka faɗa miki shi za ki bi. Loma ɗaya ta tausayi na iya sa a ɗage aikin.

Kada ki yi wa yaro ƙarya. Na ce mata akwai ƙullutu a kanta da ke sa ta amai, za a cire tana barci, wurin zai yi ciwo in ta farka, kuma ina nan. Ita gashinta ne damuwarta.

Bayan aiki za ki ga yaron da kumburi da wayoyi ko'ina, ki dake. Cikin kwana biyu zuwa uku za a sake hoton MRI, wato hoton cikin kai, don a ga ko akwai sauran ƙarin. Sakamakon gwajin naman da aka ciro kuwa yakan kai mako ɗaya ko biyu. Kafin ya fito ki haƙura da intanet. Ƙarin ƙwaƙwalwa iri-iri ne, wani tiyata kaɗai ta ishe shi, wani sai an haɗa da ƙona shi da haske ko maganin ciwon daji. Na kwashe dare uku ina kuka a kan cutar da ba ita ke damunta ba.

Abin da ya fi girgiza ni shirunta ne. Da ta farka ta ce "Mama", kwana biyu bayan nan magana ta ɗauke ɗif. Ido buɗe, sai kuka da fizge-fizge. Likita ya ce hakan na faruwa da wasu yara bayan aiki a wannan sashe na ƙwaƙwalwa, kuma maganar takan dawo cikin makonni ko watanni. Tana ji, tana fahimta. Saboda haka kada a tsaya a kanta ana tattauna ciwonta, masu dubiya ma ki ja musu kunne tun daga ƙofa. Mun yi yarjejeniya: matsa hannu sau ɗaya "e", sau biyu "a'a".

Maganin rage kumburi, deksametason, yana kawo ci kamar gara, da saurin fushi, da cikar kumatu. Ba rashin kunya ba ce. Kada ki tsayar da shi da kanki, a hankali ake janye shi.

In an sallame ku, zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, ko ruwa garai-garai na tsiyaya daga ɗinki, ko amai a kai a kai, ko barcin da tashinsa ke wuya, duk na komawa asibiti ne a take, ko da tsakar dare. In jijjiga ta kama shi, ki kwantar da shi ta gefe, kada ki sa masa komai a baki, ki duba agogo, ki kira agaji.

Ki samu wanda zai karɓe ki ki yi barci. Na ƙi, sai da jiri ya kayar da ni a banɗaki.

A mako na biyar ina gyara mata matashi, ta ture hannuna ta ce, a rarrabe, "Ba-ri." Na rubuta ranar a littafin.