Takunkumi a lokacin annobar mura: inda aka fi kuskurewa

Ƙwayar cutar mura mai zafin zazzaɓi tana fita ne cikin feshin da ke biyo tari da atishawa, har da magana. Mutum kan fara yaɗa ta kwana guda kafin ya ji komai a jikinsa, ya ci gaba har kwana 5 zuwa 7. Shi ya sa babban aikin takunkumi shi ne tare abin da ke fitowa daga baki da hancin mai shi, sannan ya rage abin da zai shaƙa. A Japan, inda al'adar ta samo tushe tun annobar mura ta 1918, mai murar ne ke fara rufe fuska kafin ya shiga jirgin ƙasa. Wanda ya gane haka ba zai yi kuskuren da ake yawan yi ba: janye takunkumi daidai lokacin da atishawa ta taso. A yi ta a ciki, in ya jiƙe a canza.

Sai barin hanci a waje, ko sauke shi ƙarƙashin haɓa don a yi ciniki. Maganar ce ke fitar da feshin, ga shi kuma wuya ya shafa wa cikinsa gumi da datti.

Zama a fuska ya fi tsadar takunkumin muhimmanci, domin iska hanya mai sauƙi take bi. Irin na asibiti, ɓangaren mai launi ne ke waje, gefen da ke da siririyar waya kuma sama. A matse wayar a kan karan hanci da yatsun hannu biyu, a ja ƙasan ya rufe haɓa. In tabarau ya yi hazo, iska na tserewa ta sama. In gefen kunci ya buɗe, a ƙulla kowace igiya dab da jikin takunkumin, a cusa bakin ciki. Kada a murɗe igiyar ta giciye a kunne, wannan ƙara buɗe gefen yake yi.

Takunkumi mai ƙarfin tacewa da ake kira N95 yana tace aƙalla kashi 95 cikin 100 na ƙananan ƙwayoyi, amma sai ya manne da fata. Gemu yana hana shi mannewa, don haka mai gemu kada ya sakankance. Takunkumi mai ɗan murfin fitar da numfashi kuwa, wanda ake sawa don ƙurar hunturu, numfashinka yake saki ba tacewa. Mai mura bai kamata ya sa shi ba.

Na yadi a samu mai ninki uku, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020. A wanke shi kullum da sabulu da ruwan zafi, ya bushe sarai. Na asibiti ba a wanke shi, ruwa na lalata matatar da ke tsakiyarsa.

Wajen cirewa, a kama igiyar ta bayan kunne, kada a taɓa gaban, a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20. Yaron da bai kai shekara 2 ba kada a sa masa, haka ma wanda ba zai iya cirewa da kansa ba.