Yadda Ake Zaɓen Ƙasa da Cura Tubali

Wanda zai yi ginin ƙasa ya fara aikinsa ne daga bakin kududdufi, domin ƙarfin katanga yana cikin ƙasar da aka haƙo tun kafin magini ya ɗora hannunsa. A kankare ƙasar sama, wadda ke cike da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye, a ajiye ta gefe, gona ce ke buƙatarta. Abin da ake nema yana ƙarƙashi, wato jar ƙasa ko birji, mai ɗauke da yumɓu daidai gwargwado tare da rairayi da ƙananan tsakuwa. Idan yumɓu ya yi yawa tubalin zai tsattsage yayin bushewa, idan kuma rairayi ya rinjaya zai marmashe a hannu.

Gwajin ba shi da wuya. A jiƙa ƙasa cikin tafin hannu, a dunƙule ta, a bar ta a rana kwana biyu. Dunƙulen da ya bushe ba tare da manyan tsagu ba, kuma bai fashe da matsin yatsa ba, shi ne ya nuna ƙasa mai kyau. Mai danƙo da yawa a ƙara mata rairayi.

Kwaɓi shi ne inda masu gaggawa suke ɓata aiki, kuma a ganina nan ya kamata a fi daɗewa. A farfasa ƙasar da fartanya, a zuba ruwa, a tattake ta da ƙafa har ta haɗe, sannan a barbaɗa yankakkiyar busasshiyar ciyawa, wasu kuma suna ƙarawa da kashin doki. Ciyawar ce ke riƙe ƙasar kada ta rabu idan ta ja jikinta wajen bushewa. Bayan haka a bar kwaɓin ya kwana ya tsimu na 'yan kwanaki, ana yayyafa masa ruwa ana sake tattakewa, har sai ya yi laushi ya daina manne wa ƙafa sosai. Ƙasar da aka kwaɓa da safe aka yi aiki da ita da azahar ba ta taɓa kama wadda ta tsimu.

Tubalin gargajiya ba ya buƙatar akwatin bugawa. Ana yanko curi, a mulmula shi a ƙasa da hannu biyu har gindinsa ya yi faɗi kansa ya yi tsini, a jera a rana kamar mako biyu. Saboda haka ne ake wannan aiki da rani, bayan an gama kaka.

Wajen ɗora gini, ana kafa tubalin a tsaye, tsinin yana duban sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, kuma ba a ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska. Katangar tana da kauri a gindi, tana raguwa yayin da take hawa. Da irin wannan hikima Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya ɗaure bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe rufi, da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba.

Saura kariya daga ruwan sama. Ana jiƙa ɓawon ɗorawa a samu makuba a haɗa cikin yaɓe, a kan soro kuma ana shafa laso, wanda ake haɗawa da katsin marina (abin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini) da gashin jima da dafara, wani tsiro mai yauƙi. Ina jan kunnen masu shafa siminti kai tsaye a kan katangar ƙasa: simintin yana tsare danshi a ciki, daga baya ya ɓamɓare tare da fuskar ginin. A gyara indararo ya riƙa zubar da ruwa nesa da gindin katanga, a kuma sabunta yaɓe kafin ruwan farko ya sauka.