Darasi na 6: Ampul ɗin ɗumi a makwancin kunkuru, da yadda gobara ke tashi

Jama'a kun san kunkuru da damo da ƙadangare jikinsu ba ya yin ɗumi da kansa kamar namu ko na akuya, zafin waje suke ara, shi ya sa da safe kake ganin ƙadangare ya baje bisa katanga yana shan hantsi. A nan Maradi rana ta wadatar, sai dai cikin Disamba da Janairu in hunturu ya buso dare kan sauka ƙasa da digiri 15, to a nan ne masu aje ƙananan kunkuru a gida suke rataya masu ampul. Masu kiwon 'yan tsaki ku ma ku saurara, aikin ɗaya ne.

Ampul mai zare a ciki, irin na da, kusan kashi 90 cikin 100 na kuran ɗin da yake sha zafi yake zama, haske ɗan kaɗan ne. Shi ya sa yake ɗumama dabba, kuma shi ya sa yake tada gobara. Na LED ba ya ɗumi, kar ka ɓata kuɗinka.

Yanzu dubi inda ake aje dabbobin: kwali, da ɗusar katako ko busasshen haki a ƙasa, ga buhu an yaɓa a sama wai don kar iska ta shiga, duka abincin wuta ne a lokacin da komi ya bushe ƙayau. Kunkuru kuma ba shi da hayaniya amma akwai ƙarfi, yana tona, yana ture abu da ƙoƙon bayansa, in ka rataya ampul da wayar kuran ɗin kawai wallahi dare ɗaya ya isa ya faɗo cikin haki kana barci. Ɗaure shi da sarƙa ko wayar ƙarfe a azara, ka bar aƙalla santimita 45 tsakaninsa da shimfiɗa, ka sa masa raga. Ragar tana kare dabbar ma, don suna iya manne wa abu mai zafi har su ƙone ba su gusa ba. Kan da ake murɗa ampul ɗin a ciki ya zama na tangaram, na roba yana narkewa. Ampul a gefe ɗaya, kwanon ruwa can ɗaya gefen, ɗigo guda bisa gilashi mai zafi na iya fasa shi.

Sai maganar ralonji. Kuran ɗin Nigelec volt 220 ne, in an rubuta 10A a jikin ralonji, wato ampere 10, yawan kuran ɗin da take iya ɗauka, ka ninka 10 sau 220, wat 2200 ke nan iyakarta, kuma masu arhar nan masu siririyar waya ni ban yarda su ɗauki ko rabin haka ba. Taɓa ta da bayan hannu, in ta yi zafi ko ka ji warin roba, cire. Haɗin waya da leda ba haɗi ba ne, kira mai gyaran kuran. In an ɗauke wuta za ka fita, kashe ampul ɗin, don za a maido ta ba kowa a gida.

In wuta ta kama, fara fidda yara, kashe kuran daga kontar, kar ka watsa ruwa kafin nan, zuba rairayi, kira 'yan kwana-kwana a lamba 18.

Aikin gida: ampul biyu na wat 100, da guga ta wat 1200, da abin dafa ruwa na wat 1500, duka a ralonji ɗaya mai 10A. Haɗa lissafin a littafinka, ka rubuta wanne za ka cire.