Yadda ake haɗa shayin buta da tsohon faifan rock

A Amurka da Ingila akwai masu zaɓar giyar ƙananan kamfanoni daidai da faifan da za su saurara, mai ɗaci ga kiɗa mai nauyi, mai sauƙi ga kiɗa mai sanyi. Dabarar ta burge ni, sai na juya ta kan shayin buta irin na Agadas, domin shi ma hawa uku gare shi, kowane da ɗanɗanonsa.

Da farko zaɓi faifan. Ni nawa shi ne na farko da ƙungiyar Dire Straits ta fitar a 1978, wanda aka naɗa a Landan. Waƙoƙi tara ne, minti arba'in da 'yan kai, kusan tsawon zaman shayi idan mai dafawa ba ya wasa. Mark Knopfler, jagoran ƙungiyar, da yatsunsa yake kaɗa jita, ba ya amfani da ɗan robar kaɗawa, shi ya sa sautin ke fita tas, ba ya danne hira. Bombino, makaɗin nan na Agadas, da kallon bidiyon Knopfler da Jimi Hendrix, shahararren makaɗin jita na Amurka, ya koyi wasu dabarunsa.

Sai kayan aiki: kurfoti da gawayi, ƙaramar buta, koren ganyen shayi ɗan Sin, sukari, na'a-na'a, da ƙananan kofunan gilashi. Ka hura wuta tun kafin ka kunna kiɗa. Na taɓa yin akasin haka, waƙoƙi uku suka wuce ina ta fifita gawayi jiƙaƙƙe, hayaƙi na cin idona.

Da garwashi ya yi ja, zuba ganye cikin kofi ɗaya a buta, ƙara ruwa kofi uku ko huɗu, ɗora, sannan ka danna waƙar farko. Bar shi ya yi ta ɓararraka a waƙoƙi biyun farko. A ta uku ka sauke, ka sa sukari, ka fara juyi: daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa buta, kana ɗaga hannu sama har kumfa ta tashi ta tsaya. Kada ka yi rowar juyin nan, shayi marar kumfa abin kunya ne a majalisa.

Kofin farko ya faɗo daidai “Six Blade Knife”, waƙa ta huɗu. Tafiyar hawainiya take yi, jitar bas mai kaurin sauti na bugawa ƙasa-ƙasa, ga shayin da ɗaci kamar maɗaci. Kurɓa kaɗan-kaɗan, kada ka ɗaga kai ka shanye. A nan ne haɗin ya fi zama, a ganina.

Kafin ka fara shan na farkon, ka riga ka mayar da ruwa kan ganyen nan, ba a canza shi. Idan garmaho gare ka, da waƙa ta biyar ta ƙare, lokacin juya faifai ke nan. A waya kuwa sai ka dakata minti biyu ka yi juyi. Na biyu shi ake jefa wa na'a-na'a, ɗacin ya ragu, zaƙin ya fito. Ba shi “Sultans of Swing”, wadda ta buɗe ɗaya gefen. Idan Knopfler ya shiga jitar ƙarshen waƙar, a yi shiru, ko mai surutun majalisa ka miƙa masa kofi ya kama bakinsa.

Na uku ruwa-ruwa ne, zaƙi zalla, wanda ake ba yara. Ya dace da “Wild West End” da “Lions” da suka rufe faifan cikin sanyi. Gasasshiyar gyaɗa ta isa abin taunawa. Idan da dare ne, rage ganyen da rabi, in ba haka ba kiran assalatu zai same ka ido biyu.