Dala Daban, Gashaka Daban: Kurakuran Kanawa a Hawan Dutse da Kwanan Daji

Wanda ya saba hawa Dala ko Goron Dutse da safiyar Asabar yakan ɗauka ya san dutse. Cikin 'yan mintuna ka kai sama, ka hango birni, ka sauko ka sha koko. Gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa, ba a shigarsa da wannan lissafi. Shi ne mafi girma a Najeriya, an kafa shi a 1991, kuma a cikinsa Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, dutsen da babu kamarsa a ƙasar nan. Kano kuwa da ƙyar ta kusa mita 500 daga matakin teku.

Abin da ya fi kayar da mutanenmu shi ne sanyi. Bakano zafi ya sani, sai ya cika jaka da riguna marasa nauyi. Alhali duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6, ga iska, ga raɓa. Rigar auduga in ta sha gumi ba ta bushewa da wuri, da ka zauna hutu sai ta fara zuƙe maka ɗumin jiki. Ka leƙa 'yan gwanjon Ƙofar Wambai ka nemi rigar sanyi mai kauri, da hula, da safa. Kayan barci ka ƙulle su a leda, kada ka taɓa su sai dare. Kuma ka tafi da shimfiɗa, don wanda ya kwanta a ƙasa, bargo uku ma ba sa isarsa: ta ƙasa sanyin yake shigowa.

Sabon takalmi shi ma bala'i ne. Mutum ya saya ranar Alhamis, ya hau dutse da shi ranar Lahadi, kafin azahar ƙafa ta yi bororo. Ka yi sati biyu ko uku kana yawo da shi a gari tukuna.

Wasu kuma da kalandar daminar Kano suke aiki. Can ruwa yana riga namu sauka, yana kuma daɗewa bai ɗauke ba, koguna su cika, hanya ta yanke. Daga Disamba zuwa Maris ya fi. Ko a lokacin, kada ka kafa tanti a bakin kogi don daɗin alwala. Akwai dorina a wasu wuraren, kuma nan dabbobi ke zuwa shan ruwa da dare. Ruwan rafi, komai garai-garai ɗinsa, a tafasa shi.

Sai girman kai, wanda ni a ganina ya fi sauran muni: “Ai akwai taswira a wayata.” Sabis ɗaukewa yake yi, batir ya mutu. Hedikwatar gandun tana Serti, a kan hanyar Jalingo zuwa Mambila. Nan za ka yi rajista, a haɗa ka da jami'in da ya san dajin. Halin tsaro kuwa, ka tambaya tun kafin ka baro Kano. Ko yini guda za ku yi, ku tashi bayan asuba, ku yanke lokacin juyowa tun kuna ƙasa. In lokacin ya yi, ku juyo, ko da kuna hangen ƙololuwar. Tocila ta shiga jaka ko da ba kwana za a yi ba.

Guzuri bai buƙatar tukunya babba: dabino, kilishi, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari sun wadatar. Sai dai kada a bar su a buɗe, birai ba su da kunya. Tsando yana bin baƙin kaya da shuɗi, don haka a sa masu haske, masu dogon hannu. Wutar shayi kuwa, da rani ciyawa kamar fetur take. A share wurin kafin a hura, a kashe da ruwa, a sa hannu a ji tokar ta huce kafin a ɗaga.