Kurakuran da ake yi wajen ƙirƙirar majiɓincin matafiya a wasan tebur

Shafi huɗu na taɓa rubutawa a kan wani abin bautar matafiya da na ƙirƙira wa 'yan wasana: haihuwarsa, yaƙinsa da ɗan'uwansa, har launin rawaninsa. Muka yi zama 11, sunansa bai fito daga bakin kowa ba sai sau ɗaya, shi ma tambayata aka yi yadda ake furta shi.

Ga wanda bai saba ba, irin wasan da nake nufi shi ne Dungeons & Dragons, ko D&D a taƙaice, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, da 'yan'uwansa irin su Pathfinder. Mutum ɗaya ne ke jan wasan, yana bayyana duniyar labari, sauran kowa ya riƙe jarumi guda, dais kuma, wato ƙwaya mai lambobi da ake jefawa kamar ta lido, ya yanke hukuncin nasara ko faɗuwa. Abubuwan bautar da ke ciki 'yan tatsuniya ne, kamar Gizo da Ƙoƙi. Idan kalmar ta yi wa mutanen teburinka nauyi, mayar da shi aljanin da ke gadin hanya, ko wani tsohon madugu da ya ɓace amma ake jin ɗuriyarsa. Duk abin da zan faɗa zai yi aiki a kansu.

Babban kuskure shi ne wanda na yi: farawa daga sama, alhali matafiyi ƙasa yake kallo. Ɗan wasa ba ya karanta tarihin da ka rubuta, abin da jaruminsa ya taka ko ya gani a bakin hanya shi yake riƙewa. Girkawan dā suna kafa ginshiƙan dutse masu kan Hamis, abin bautarsu na matafiya, a mararraba da ƙofar gidaje, kuma sun ɗauke su da muhimmanci har da aka wayi gari a Atina a shekara ta 415 kafin haihuwar Annabi Isa an farfasa su, gari ya rikice, aka ɗauka mugun nufi ne ga rundunar da ke shirin tafiya Sisili. A Mongoliya tarin duwatsu ne a kan tudu, matafiyi ya kewaya sau uku ya ƙara nasa dutsen. Ka ga babu dogon bayani a nan, abu ne da hannu ke taɓawa.

Da na sake lale, sai na yi Tsohuwar Mararraba. Ba ta da tarihi ko layi ɗaya. Abin da take da shi tarin takalma ne a gindin bishiya duk inda hanya ta rabu. Wanda ya dawo gida lafiya ya ajiye takalmin da ya yi tafiyar da shi, wanda nasa ya tsinke a hanya ya ɗauki wani, amma wanda ya ɗauka alhali nasa lafiya lau, an ce hanya za ta yi ta juya shi. A zama na biyu wata 'yar wasa ta tsayar da ni ta ce jarumarta za ta cire takalminta ta ajiye. Ban ce mata ta yi ba.

Kuskure na biyu, a yi shi mai kirki zalla, kullum sai albarka. Hamis ɗin nan na fatake ne, kuma na ɓarayi ne, don hanya ba ta tambayar mai tafiya abin da ya fito yi. Majiɓincin da bai hana ka komai ba ba shi da amfani a wasa. Ba shi doka ɗaya, gajera, wadda wata rana za ta ci karo da abin da 'yan wasa suke so. Ta Tsohuwa ita ce: wanda ya sha daga gorarka, jininsa ya haramta gare ka har rana ta fito sau uku.

Dokar ta kwanta shiru har zama na shida. Suka tarar da wani mutum kwance a inuwar aduwa, leɓensa ya tsage don ƙishi, suka ba shi ruwa. Yana miƙa gorar sai suka ga tabon da ke wuyan hannunsa, shugaban 'yan fashin da suka yi mako biyu suna nema ne. Mai riƙe da jarumin takobi ya ce, "Malam, ni fa ban sha alwashin komai ba, gorar ba tawa ba ce." Mai gorar ya ce, "To sai ka fara bi ta kaina." Minti 40 suka yi suna gardama, ban jefa dais ko ɗaya ba. A ƙarshe suka yi kwana uku suna tafiya tare da mutumin, suna ci da shi, kowa ido a buɗe.

Wani abin da ake yawan yi shi ne a gina masa katafaren ɗakin bauta a babban birni, da hasumiya da masu gadi. Me majiɓincin matafiya yake yi a zaune? Masu tsara Greyhawk, ɗaya daga duniyoyin labarin D&D, sun gane wannan, suka sa masu hidimar Fharlanghn, majiɓincin matafiyanta, yawo, mafi yawan wuraren bautarsa ƙanana ne a bakin hanya. Mu kuwa ba sai mun je nesa neman misali ba. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna da madugu, suna da jagaba a gaba, suna sauka a zango, fatoma ya ba su masauki ya haɗa su da masu saye. Har yau unguwannin baƙi a Kumasi da Akara sunansu Zongo. Ɗauki wannan tsarin: mai hidimar majiɓincinka ya zama shi ke riƙe da rijiyar zango, shi ya san wace gada ta karye, shi ake bar wa saƙo da ajiya. Nan take ya zama mutumin da 'yan wasa ke nema da kansu. In kana son wuri mai tsarki guda ɗaya tak, tuna da bishiyar Tenere, ƙwaya ɗaya a tsakiyar yashi, da ayarin gishirin Bilma ke gane hanya da ita har wata babbar mota ta kayar da ita a 1973. Wuri irin wannan ya fi kowace hasumiya, kuma ranar da wani ya sare ta ka samu labarin wata uku.

Sai albarkar da ke kashe tafiyar gaba ɗaya. Idan mabiyinsa na iya ɓacewa daga wannan birni ya bayyana a wancan tun matakin farko, ka yi majiɓincin hanya wanda ya soke hanya. Ko sihirin nan na bugu na biyar na D&D da ke samar da 'ya'yan itace goma, kowanne ya ƙosar da mutum yini guda, ya isa ya raba tafiya da fargabar guzuri. Ka sa kyautarsa ta zama ƙarama: sake jefa dais mai fuska 20 sau ɗaya a yini idan ana neman ruwa ko hanya, ko sanin cewa ɗaya daga hanyoyi biyun nan an zubar da jini a kanta, ba tare da an faɗi wace ba. Kuma a iya rasa ta. Mai takobin nan da ya so karya doka, da ya yi, da duk rijiyar da suka isa sun tarar da gugar ta tsinke.

Batun suna gajere ne. Fharlanghn ya shahara, amma gwada faɗinsa da sauri a tsakiyar faɗa. Desna, majiɓinciyar matafiya ta Pathfinder, ta fi sauƙi a baki. Zaɓi gaɓa biyu ko uku, ko ka bar shi da laƙabi, kamar yadda ake ce wa zaki manyan dawa. Kada kuma ka loda masa fannoni don kawai ya yi girma. Taurari da mafarki da sa'a sun zauna wa Desna ne saboda duk mai tafiyar dare ya san su. In ka ƙara masa yaƙi da noma da ƙira, ya zama na kowa, matafiyi ya rasa nasa.

Na bar mai zafi a ƙarshe: ɗauko sunan da mutane ke girmamawa da gaske a saka shi cikin wasa. Eshu na Yarabawa, Jizo na Japanawa, Waliyyi Kiristofa na Kiristoci, duk suna da alaƙa da hanya, kuma duk akwai masu riƙe da su a yau. Haka iskokin bori. Ba ka san wa zai zauna a teburinka gobe ba. Ari siffar al'adar, wato tarin dutse, ajiye wa baƙo ruwa, kafa alama a mararraba, ka ƙirƙiro sunan da kanka. Ni Tsohuwar Mararraba har yanzu ba ta da suna na gaskiya. 'Yan wasana sun yi wata biyu suna tambayar kowane mai rijiya, kowa kuma sunan da yake ba su daban.