Darasi na Bakwai: Me Ya Sa Sallah Take Yawo?

Duk wanda ya manyanta a cikinmu ya taɓa yin azumi a tsakiyar bazara, ya yi da damina, ya kuma yi da hunturu, lokacin da ruwan alwalar asuba yake gatsa hannu. Dalilin wannan yawo lissafi ne.

Shekarar Musulunci tana bin wata, kwananta 354 ko 355. Shekarar Bature tana bin rana, kwananta 365. Tazarar da ke tsakani kusan kwana 11 ce. Shi ya sa Sallar baɗi takan riga ta bana zuwa da kwana 10 ko 11, kuma sai bayan kimanin shekara 33 take komawa inda ta taso. A shekarar 2000 ma sau biyu aka yi Ƙaramar Sallah, ɗaya a Janairu, ɗaya a Disamba.

Iyayenmu da kakanninmu ba su rataya kalanda a bango ba, amma wata bai taɓa ɓace musu ba, don sun raɗa wa watanni suna da abin da ake yi a cikinsu. Rajab shi ne watan Azumin Tsofaffi. Shawwal watan Ƙaramar Sallah, Zulhajji watan Babbar Sallah, Zulƙida da ke tsakaninsu kuwa Bawan Sallah. Ni dai ina ganin hikima ce babba, kuma abin takaici ne yadda yaranmu suke tasowa ba su san sunayen nan ba.

Muharram shi ne watan Cika-ciki. A gidaje da yawa, tun ranar layya uwargida take ƙyafe wutsiyar rago ta adana, ta yi ta tsaronta daga ɓera da yara har wata guda. Daren Ashura sai a jefa ta a tukunyar miya, a tuƙa tuwo mai yawa, kowa ya ci ya ƙoshi, a kai wa maƙwabta. A watan ne kuma taubasai suke bin juna kuɗin shara, ana tsokana ana dariya. Azumin Tasu'a da Ashura, wato 9 da 10 ga wata, shi ne ibadar. Cika ciki al'ada ce.

Rabi'ul Awwal watan Mauludi ne. Mutanen Daura suna Sallar Gani, Kanawa kuma suna Takutaha mako guda bayan Mauludi, ranar da jama'a suke hawa Dutsen Dala.

Aiki

1. Rubuta sunan Hausa na Muharram, Rajab da Zulƙida.
2. Idan an yi Sallar bana ranar 30 ga watan Bature, wajen wace rana za a sa ran ta baɗi? Cire 11 daga 30. Ka tuna wannan ƙiyasi ne, tabbaci sai an ga wata, a Najeriya kuma Sarkin Musulmi ya sanar.
3. Tambayi wata dattijuwa a gidanku yadda ake kiran watan Sha'aban a garinku, ka rubuto amsarta ka kawo aji.